Akushin da Aka Kife

Marka ta kama mu sosai bana. Tun da asuba ake yayyafi, kaji duk sun taru ƙarƙashin rumbu sun takure, masarar bayan gida kuwa ta wuce tsayin mutum har ta fara goyo. A irin wannan rana ba inda za ka, sai na jawo tabarma bakin ƙofar ɗaki ina tsinkar zogale. Jikata Safiya na gefe da littafinta na Turanci, tana shirin jarrabawar fita sakandare. Yarinyar nan ba ta iya karatu a zuci ba, sai ta ɗaga murya kamar mai tallar ƙosai. Kullum cikin faɗa muke da ita, yawanci a kan abu guda: in ta wanke kwanuka sai ta kife su a kan dakali su tsane, har da tsohon akushin kakanta, ni kuwa na hana a kife wannan akushi.

"Reject, deny, renounce, disown," take ta maimaitawa.

Na ce, "Ke, waɗannan kuma sunayen magani ne?"

Ta yi dariya har littafin ya kusa faɗuwa cikin ruwa. "Hajiya, duk kalmomin ƙin abu ne. Amma kowace da wurin da ake sa ta. Malaminmu ya ce wanda ya musanya su a jarrabawa ya faɗi."

"Ƙi ai ƙi ne. Mi ya raba su?"

Ta gyara zama, ta samu ɗaliba. "Reject shi ne a miƙo maki abu ki mayar, kamar a kawo wa mutum hatsi shi ce bai so. Deny musu ne, a ce kin san magana ki ce ba ki san ta ba. Renounce kuwa abin naki ne, kamar sarauta ko gado, ki tsaya gaban jama'a ki ce kin bar shi."

"Na ƙarshen fa?"

"Disown. Wannan ya fi zafi, Hajiya. Naka ne na jini, ɗa ko ƙane, ka ce daga yau ba naka ba ne. Ba a yi wa baƙo shi, sai na jiki."

Hannuna ya tsaya a cikin faifai. Turancina bai wuce gaisuwar asibiti ba, amma wannan kalma na san ta tun kafin a haifi uwar Safiya. Ina tsaye aka yi ta, kuma da hannuna aka ƙarasa ta.

A lokacin muna gidan gandu a wani ƙauye kusa da Damari. Surukina, wanda duk gida ke kira Baba, shi ne mai gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. 'Ya'yansa maza biyu ne, Yaya Bala babba, sai maigidana, wanda yau ake kira Alhaji Sale, ni kam har gobe Malam nake ce masa. Ni da Hansatu matar Yaya Bala muke karɓa-karɓar girki, Inna uwar mazajenmu tana sa ido. Ina goye da ɗana na fari, Rabi'u, uban Safiya.

Gidan yana da wata al'ada da na tarar. Duk ɗan da ya yi aure, Baba zai sa masassaƙi ya yi masa akushi, baƙi wuluk, a shafe shi da man kaɗe. Bayan magariba mai girki za ta zuba tuwon kowa a nasa akushin a kai zaure. Ko mutum ya yi tafiya, sai an zuba nasa an fitar, baƙo ko maƙwabci ya ci, don a san gidan na sane da mai shi. Ba a kife akushin namiji sai ranar da aka dawo daga binne shi. Ranar nan ake wanke shi a kife bayan randa a ɗakin Inna. Na ga na ƙanen Baba a can, gizo-gizo ya yi saƙa a kansa.

Shekarar da nake ba ku labari ta biyo bayan wata shekarar da ba a samu abin kirki ba, don haka muka shiga bazara rumbu na ƙasa-ƙasa. Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa ta ɗauki zafi har ba ka iya taka ta ba takalmi, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi a wuta, rijiyar unguwa sai an jira ta tara kafin a sami rabin guga. Da hadarin farko ya taso aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, kowa ya ce wahala ta ƙare. Maza suka fita da sungumi tun ƙasa na ɗanya, aka shuka dawa da gero. Shuka ta fito kore shar, har aka fara noman fari.

Daga nan sama ta kulle. Da yamma hadari zai haɗu daga gabas, ya yi baƙi, mu kwashe shanya da gudu, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙura a baki. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita. Ganyen dawa ya nannaɗe, ya yi fari, ya kwanta. Wata safiya Yaya Bala ya shigo da tsiro guda a hannu, ya murza shi ya zama gari, ya kakkaɓe tafinsa.

Baba da kansa yake hawa rumbu ya fiddo damin da za a sussuka, kuma muna ganin yadda yake ƙara nitsewa ciki kafin hannunsa ya taɓa hatsi. Aka soke abincin rana. Da safe kunu tsararo, da dare tuwon da aka cuɗa da dusa, miyar kuka ba daddawa. Dusar da muke ba awaki ita muka koma tankaɗewa. Nonona ya ragu, Rabi'u ya kama yana saki yana kuka, kukan ma ba ƙarfi.

Sai labari ya zo cewa can kudu, wajen Birnin Gwari, ruwa bai ɗauke ba, kuma manyan manoma na neman 'yan ƙodago suna biya da hatsi. Malam ya tari Baba da maganar a zaure, maƙwabta na zaune. Ni na kawo ruwan alwala, na tsaya bayan bango, komai a kunnena.

"Baba, in muka zamna duka muna kallon sama, yaran nan ba su kai kaka. Bari in tahi in samo abin da za a riƙa."

"Cin rani da rani aka san shi," in ji Baba. "Ɗan gandu bai barin gonar ubanshi da damina shi je shi duƙa a gonar wani. Ruwa na nan dawowa. In ya dawo wa zai sake shuka?"

"Wace damina, Baba? Ka ga damina a nan?"

Wannan tambaya ita ta ɓata komai. Malam bai yi ta da raini ba, yunwar ɗansa ce ta yi magana, amma an yi ta gaban mutane. Baba mutum ne da ko ubansa bai taɓa ƙodago ba, kuma a ganinsa ɗan da ya fita da hauya a irin wannan lokaci ya sanar wa duniya cewa uban ya kasa riƙe gida. Baba ya gyara zama ya dubi maƙwabta.

"Ka tahi," ya ce. "Amma in ka hita ƙofar nan da hauya a kafaɗa, ba ni ba kai. Ku shaida, ɗa guda gare ni, Bala."

Maƙwabta suka yi ta ba da haƙuri, Baba ya tashi ya tayar da salla. Washegari da sassafe Malam ya rataya hauyarsa. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya daɗe yana duban Rabi'u, ya ce mini, "Ki riƙe yaron, ki riƙe Inna." Ya bi ta zaure ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, Baba bai ɗago daga carbinsa ba.

Ranar girkina ce. Da magariba na zuba tuwo a akusa uku kamar kullum, na aika zaure. Ba a jima ba sai ga Baba da kansa a tsakar gida, abin da bai cika yi ba, riƙe da akushin Malam. Ya juye tuwon a ƙwaryar yara, ya ajiye akushin a ƙasa.

"A kife wannan."

Inna ta juya masa baya. Hansatu ta shige ɗaki. Ya ce, "Wadda ta zuba, ita za ta kife." Na ɗauka na wanke, na shiga ɗakin Inna na kife shi bayan randa kusa da na mamaci. Mijina na da rai yana tafiya a kan hanya, ni kuma ga ni ina yi masa abin da ake yi wa gawa. Na yi kuka a ranar har Inna ta ce in yi shiru kada in jawo masa abin da ba a fata. Na ji haushin Baba, ba zan ɓoye ba, haushi mai yawa.

Baba bai yi ƙarya ba, ruwa ya dawo. Ya dawo da ƙarfi, da tsawa, ya cika kududdufai, kwaɗi suka kama kuka. Aka sauko da zangarniyoyin iri da Baba ya rataye a rufin ɗakin girki, sun yi baƙi da hayaƙi, waɗanda duk tsananin nan bai yarda an taɓa su ba. Shi da Yaya Bala suka sake shuka gonar gandu su biyu, Inna na bin su tana jefa iri.

Wanda bai yi yunwar damina ba ba zai gane ta ba. Duniya ta yi kore, ƙasa na ƙamshi, komai na tsiro, amma ba abin da ya nuna. A da ba na fita daji, shekarar nan kuwa ta fitar da kowa. Ni da Hansatu mukan yi sammako mu tsinko tafasa da rama da yaɗiya, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. A dafa ganye a matse, a barbaɗa ɗan gari a kai don dai a ce an ci hatsi. Ciki ya cika ya yi ta ƙugi, ƙafa kuma ba ƙarfi. Ciyawa ita kaɗai ta ƙoshi a shekarar. Ta taso ta fi dawa tsawo, maza biyu masu jin yunwa suna nome gaba tana rufe baya.

Ranar wata kasuwar Damari wani mai jaki ya yi sallama a ƙofar gida da buhu shaƙe da masara. Yara suka shigo da gudu suna faɗa. Na laɓe bayan zana.

"Daga wa?" in ji Baba.

"Daga ɗanka Sale. Yana gaishe ka, yana lahiya."

"Ɗana Bala, ga shi nan zamne. Ka ɓata gida, bawan Allah."

Mai jaki ya ce shi dai nan aka kwatanta masa, kuma jakinsa ya gaji. Ya sauke buhun ya jingine da bangon waje ya tafi. Hadari na haɗuwa. Ba wanda ya isa ya taɓa buhun, Yaya Bala sai duban ƙasa yake. Na duba Rabi'u da wuyansa ya zama kamar kara, na ji wani abu ya taso mini. A garinmu suruka ba ta tsayawa ta yi magana da uban miji, ko hanya ta haɗa su sai ta kauce. Na ja mayafi na durƙusa a bakin zaure ta ciki, kaina a ƙasa.

"Baba, a yi mani haƙuri. Kai ka ce ba ɗanka ba ne, ni ban isa in sa baki ba. Amma ni bai sake ni ba. Igiyar aurena na hannunshi, cina na wuyanshi. Buhun nan nawa ne."

Ban san inda na samo wannan baki ba. Na ji Inna ta ja numfashi a bayana. Iska ta fara kaɗa zana, Baba ya kawar da kai.

"Abin miji da mata ba ruwana," ya ce. "Amma kada ƙwaya guda ta shiga rumbuna."

Kafin ya rufe baki Yaya Bala ya sungumi buhun ya kai ɗakina, ɗigon farko na sauka a bayansa.

Daga nan duk ranar girkina tuwon masara nake yi wa gida duka. To ga inda gizo ke saƙa. Tuwon gidanmu na dawa ne, ja-ja, na masara kuwa fari fat, ko makaho ya taɓa ya san bambanci. Baba zai buɗe akushinsa, ya ga fari, ya rufe, ya turo shi gefe. Ranar Hansatu kaɗai yake ci, ɗan abin da aka kankaro daga gindin rumbu da ganye. Na gwada haɗa garin masara da na dawa don launin ya ɓace. Ya gutsura, ya sansana, ya ajiye. Inna ta ce, "Bar shi. Tun yana saurayi in ya kafe ko jaki sai shi sallama mashi."

Yara suka fara murmurewa, Rabi'u ya koma dariya, Baba kuwa yana ƙarewa a kan idonmu. Rigarsa ta koma rataye a kafaɗa. Wata rana jiri ya ɗebe shi a gona, Yaya Bala ya riƙo shi suka dawo tun rana ba ta yi tsaka ba. Haushin da nake ji ya juye ya zama tausayi da tsoro. Na san in tsohon nan ya faɗi da wannan magana a bakinsa, Malam zai ƙare rayuwarsa a matsayin ɗan da uba ya sallama, ba mai iya warware masa ita. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, fiye da yunwar.

Ciyawa ta kai inda in ba a yi maimai, wato noma na biyu, cikin gaggawa ba dawar ta tafi. Yaya Bala ya ce sai gayya. Yanzu Rabi'u goya tankin feshi kawai yake yi ya zaga gona, kafin azahar ya gama abin da a da sai an tara unguwa. A lokacin kuwa gayya ce gatan wanda aiki ya fi ƙarfinsa: ka kira jama'a su nome maka a yini guda, kai kuma ka ciyar da su. Baba ya ce da mi za a ciyar?

"Abincin gayya na mata ne," in ji Inna. "Kai dai kira mutane."

Ya san inda abincin zai fito. Ya dubi Inna, ya dubi ƙofar ɗakina, bai tambaya ba.

Muka kwana biyu muna surfe da niƙa, hannuna ya yi kanta. Maƙwabta mata suka zo da turamensu, aka aro tukwane da kwanuka gida-gida. Da safiyar gayya ina shirya kwando sai Inna ta kira ni ɗakinta, ta nuna bayan randa da haɓa.

"Ɗauko. Ki wanke, ki sa a ƙasan kwando."

"Inna, Baba fa?"

"Ke dai ɗauko. Ni na haifi mai shi, ba a tambaye ni ba ran da aka kife."

Daga baya na ji ashe ta aika wa Malam labarin gayyar ta bakin mai jakin nan. A lokacin dai ban san da wannan ba, na ɗauki kwando muka nufi gona.

An yi ruwa da asuba, rana ta fito ta buga, ƙasa na tururi. Tun daga nesa muke jin gangar noma. Maza sun jeru sun duƙa, hauyoyi na tashi suna sauka tare, laka ta ɓata kowa har ƙugu. Yawancinsu ba su karya da komai ba sai ruwa, amma in makaɗi ya kira sunan mutum sai ka ga ya zabura. Muka sauke kaya ƙarƙashin ɗorawa. Ina ɗagowa idona ya faɗa kan wani baya a can ƙarshen layi. Ya rame, ya yi baƙi, amma ko cikin dubu na san yadda yake jefa hauya. Malam ne.

Gayya na da dokokinta. Duk wanda ya zo da hauya ba a korarsa, ko da maƙiyinka ne. Kuma mai gona da idonsa zai tabbatar kowa ya ci, don a ce wani ya yi maka gayya ya koma da yunwa, abin faɗi ne har jikoki. Baba ya ga Malam tun da safe. Yaya Bala ya ce mini tsayawa ya yi cak, sannan ya juya ya koma ɗaya gefen gonar ya ci gaba da cirar ciyawa da hannu.

Da rana ta take aka ajiye hauyoyi. Muka yi ta zuba tuwo da miyar kuka, maza suka zauna ƙungiya-ƙungiya kowane kwano da masu shi. Baba na zagawa yana sannu da aiki, yana leƙa kwanuka. Malam bai shiga kowace ƙungiya ba. Ya koma gindin wata 'yar marke shi kaɗai, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa. Abokansa na satar kallonsa, ba wanda ya kira shi, don ba wanda yake so ya shiga tsakanin uba da ɗa. Baba ya wuce ta gabansa sau ɗaya, ya sake wucewa. Hira ta mutu, sai ƙarar taunar mutane.

Can ya nufo ɗorawa. Bai dube ni ba, sama yake kallo.

"Akwai wani baƙo can bai samu ba."

Na durƙusa. "Baba, kwanuka sun ƙare, har na aro."

"Ba ko guda?"

"Saura guda. Wanda ke kife."

Inna na gefe tana firfita da faifai kamar ba ta ji ba.  Baba ya dubi gonar, rabinta ta yi fes, dawa ta fito tana kaɗawa. Ya dubi gindin marke.

"To a tada shi mana," ya ce. "Za a bar mutum da yunwa a gonata?"

Na cusa hannu ƙasan kwando na fiddo akushin. Ya ga a wanke yake, har an shafa masa mai. Ya juya ya dubi Inna, ita kuwa ta ci gaba da firfita. Na cika shi da tuwo fari, na kwarara miya, na miƙa wa Yaya Bala don ya kai. Baba ya riga shi karɓa.

Ya ɗauka da hannu biyu ya ratsa cikin mutane a hankali, ya ajiye gaban Malam. Malam ya zame ya durƙusa, kansa a ƙasa. Na zaci Baba zai juyo. Sai ya tattara rigarsa ya zauna a kan laka, ya ce a miƙo masa buta. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri farin tuwon nan da ya ƙi tun zuwan buhu, ya kai baki. Ya tauna ya haɗiye, sannan ya tura akushin gaban ɗansa.

"Ci," ya ce. "Na bi layinka. Har yanzu kana barin ciyawa a gindin dawa."

Makaɗi ya saki ganga ba wanda ya sa shi. Hansatu ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gona, ni kuwa na rufe fuska da mayafi. Kafin la'asar aka gama gonar tas.

Dawar shekarar ba ta cika rumbu ba, amma ta kai mu. Malam ya sake komawa kudu sau ɗaya kafin kaka, wannan karon Baba ne ya wasa masa hauya, kuma duk daren duniya ana fitar da akushinsa zaure. Har Baba ya koma ga Allah ban ji ya ce ya janye maganarsa ba, Malam ma bai ce ya yi kuskure ba. In aka yi baƙo Baba yakan nuna su ya ce, "Ɗiyana ne, Bala da Sale," ya ci gaba da hirarsa.

Na gama ba Safiya labarin, yayyafi bai tsaya ba. Ta rufe littafi ta ɗora a cinya.

Na ce, "To malama, Turawan naku suna da kalmar da ake warware wannan disown ɗin?"

Ta buɗe ta duba shafin, ta juya na gaba. "Ba a ba mu ita ba tukuna, Hajiya. Sai na tambayi malam."

"Ki tambaya."

Daga zaure muka ji gyaran muryar Alhaji, alamar yunwa ta motsa. Duk kulolin da 'ya'yansa suka saya masa suna nan jere a ɗaki, shi kuwa in ba a akushin nan ba ya ce tuwo ba ya masa daɗi. Safiya ta tashi ta zuba ta kai masa. Da ya gama ta ɗauko kwanukan ta wanke a bakin rariya, tana kife su ɗaya-ɗaya a kan dakali. Ta ɗauki akushin, ta fara juya shi, sai ta tsaya. Ta waiwayo ta dube ni. Ta goge shi da gefen zanenta, ta ajiye shi bakinsa na kallon sama, yayyafi na sauka a ciki.